Jan Wake Huɗu, Fari Ɗaya

A garin Petit Chenal, can kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka, inda ruwa ya fi ƙasa yawa, akwai wani ofishi a saman shagon da ake sayar da koma da ƙugiya. Ofishin masu sa ido ne kan mutanen da aka yi wa sakin talala daga gidan yari. Jami'ai uku ne a ciki, da sakatariya, sai shugabarsu, Mis Odalie Fontenot.

Mis Odalie ta yi shekara ashirin da biyu tana riƙe da fayil ɗin mutane kafin a ɗora ta a kan jami'an. Yanzu ba ta da mutum ko ɗaya a hannunta. Aikinta shi ne ta saurari yadda jami'an suke magana da mutanensu, ta gyara musu inda suka karkace. Biyu daga cikinsu suna jin magana. Abin da ta rasa shi ne hanyar da za ta bi da na ukun, Mista Hubert Sonnier.

Mista Hubert shi ya nuna mata teburinta ranar da ta fara aiki, kuma bai taɓa bari ta manta ba. Ba mugu ba ne. Bai taɓa makara ba, bai taɓa sa ƙarya a rahoto ba. Sai dai matarsa da bakinta ta shaida cewa cikin shekara talatin da biyar na aurensu, kalmar "kin kyauta" ba ta taɓa ratsa haƙoransa ba.

A cikin mutum sittin da ke hannun Mista Hubert akwai Dewey Batiste, mai saƙa tarkon ƙaguwa. Abin da ya kai shi gidan yari injin kwale-kwale ne wanda ba nasa ba. Ya sayar da shi, ya koma ya sato shi, ya sake sayarwa. An yanke masa shekara huɗu, ya yi biyu, aka sake shi ya ƙarasa sauran a gida bisa sharaɗi. Dewey bai iya karatu ba. Sunansa kaɗai ya iya zanawa, kamar yadda ake zana kifi, kuma babu wanda ya san haka a ofishin.

Sai 'yarsa Noelie, mai shekara tara. Mahaifiyarta ta rasu tun tana jaririya. Shekara biyun da mahaifinta ya yi a ɗaure ta yi su ne a gidan gwaggonta a jihar Texas, tana kwana a doguwar kujerar falo, 'ya'yan gidan biyar suna ɗauke mata fensir. Ta fi kowa iya karatu a ajinsu. Ita ba wayo ta rasa ba. Inda wayo yake tsayawa ne ba ta sani ba.

To, a wani taron horo an koya wa Mis Odalie cewa mutum ya fi karɓar gyara idan an yabe shi sau huɗu kafin a yi masa faɗa sau ɗaya. Takarda mai shafi arba'in aka haɗo ta da ita. Ta san jami'anta ba za su karanta ba, don haka ta shiga kicin ɗinta ta ɗebo wake. Kowane jami'i ta ba shi ƙwayar jan wake huɗu da fara ɗaya.

Ta ce, "Ku zuba a aljihun hagu. Duk lokacin da kuka yabi mutum kan abin da ya yi da gaske, ku mayar da ja ɗaya aljihun dama. Farin na faɗa ne, kuma ba ya fita sai jajayen nan huɗu sun riga shi."

Mista Hubert ya juya waken a tafin hannunsa ya ce, "Ranki ya daɗe, sarauniyar wake. Ranar Litinin ni zan kawo shinkafa, ke ki zo da tukunya."

Sau ɗaya a wata, da izinin mutanen, ana ɗaukar muryar ganawar kowane jami'i don ta saurara. Da ta kunna ta Mista Hubert da Dewey, ga abin da ta ji:

"Zauna. Takalminka yana da kyau. Ɗaya takalmin ma yana da kyau. Ka zo da kanka a kan wuyanka. Kujerar ma ka zauna a kanta daidai. Huɗu ke nan. To, Batiste, wannan takardar da na ba ka wancan makon, kura ce ta cinye ta ko ƙaguwa?"

Mis Odalie ta yi dariya har kofi ya sarƙe ta. Da dariyar ta wuce sai ta mayar da faifan baya, ta sake saurara. Minti goma sha huɗu aka yi ana ganawar. Abin da Dewey ya faɗa duka bai wuce "to, yallaɓai" sau tara ba.

Wata Litinin da tsakar rana Mista Hubert ya shigo ya ajiye mata takarda a kan tebur, ya ɗora mata alƙalami a kai.

Ya ce, "Batiste. Yau Litinin ta uku ke nan bai zo ba. Na aika masa wasiƙar gargaɗi biyu. Sa hannu, gobe ta tafi wurin alƙali."

Doka ta ba jami'i zaɓi biyu idan mutum ya ƙi zuwa sau uku: ko ya kai shi gaban alƙali, ko kuma, idan akwai dalili mai ƙarfi, ya gyara abin a ofis. Ko wanne ya zaɓa sai shugaba ta sa hannu. Mis Odalie ta san alƙalin yankin. Idan takardar nan ta isa gare shi, Dewey zai koma ya ƙarasa shekara ɗaya da wani abu a ɗaure, yarinyar kuma ta koma kujerar falon Texas.

Ta ce, "Bar ta a nan in karanta."

"Me za ki karanta? Layi shida ne."

"Ni mai karatu a hankali ce, Hubert. Ka manta kai ka koya min?"

Da ya fita sai ta je wurin sakatariya, Verna, ta buɗe littafin da masu zuwa suke sa hannu. Ta bi shi da yatsa. Ranar Litinin ta farko babu Dewey, amma ga sunansa ranar Laraba, ƙarfe tara daidai. Litinin ta biyu ma haka, ga shi ranar Laraba, ƙarfe tara daidai.

Verna ta ce, "Ai yana zuwa. Riga a goge, har da turare. In ce masa Mista Hubert ba ya nan, in ba shi sabon kati, ya yi godiya ya tafi."

"Kin gaya masa ranar da ya kamata ya zo?"

"Mis Odalie, waya biyu ne a kunnena. Ai ranar tana kan katin."

Mis Odalie ta leƙa ofishin Mista Hubert ta gaya masa. Ko ɗaga kai bai yi ba.

Ya ce, "Na sani. Ranar Laraba nake zagayen gidaje, an rubuta a ƙofa da manyan baƙaƙe. Ya zaɓi ranar da ba na nan ne don a ce ya zo. Mutumin da ya sayar da inji ɗaya sau biyu, wannan ai ƙaramin aiki ne a wurinsa."

Ta koma ta buɗe fayil ɗin Dewey. Duk takardun da Mista Hubert yake ba shi ya je gida ya cike, da fensir aka cike su. Rubutun mai zagaye ne, a tsare, kowane layi an ja shi da rula. A kusurwar ɗaya daga cikinsu akwai ɗan ƙaramin fure da aka zana aka goge, amma bai gogu duka ba. A ƙasa kuma ga sa hannun Dewey da biro, a karkace, kamar kifin da aka taka.

Mis Odalie ta daɗe tana kallon furen nan. Tana iya zuwa ta nuna wa Mista Hubert, ta ce duba. Amma ta san shi. Abin da aka nuna masa sai ya yi gardama a kansa har mako. Abin da ya gani da idonsa ne kaɗai yake yarda da shi. Akwai kuma sauran mutum hamsin da tara a hannunsa, ba za ta iya bin fayil ɗin kowa tana neman fure ba.

Ta koma ta tsaya a ƙofarsa ta ce, "Zan sa hannu. Amma watan nan ban raka ka ziyara ba, kuma dole in raka ka sau ɗaya. Mu je gidan Batiste ƙarfe huɗu. In mun dawo kana nan a kan bakanka, alƙalamina na nan."

"Alkawari?"

"Alkawari." Ba ta saba karya alkawari ba, shi ma ya san haka. "Ka taho da wakenka."

Gidan Dewey a bakin ruwa yake, a ɗage kan ginshiƙai kamar sauran gidajen layin, tarkunan ƙaguwa jibge a ƙarƙashinsa. Tun daga mota ƙamshin wake da tsiran alade ya tare su, don Litinin ce, kowane gida abin da ke kan wuta ke nan. Yarinyar tana zaune a matakala da littafi. Da ta ga wanda ya fito daga motar sai ta rufe littafin a kan yatsanta ba ta ji ba.

Dewey ya fito da ludayi a hannu, fuskarsa a sake. "Yallaɓai! Da kanka? Ai jibi nake shirin zuwa. Ku shigo, ku shigo."

Suna shiga kicin Mista Hubert ya zunguri Mis Odalie da gwiwar hannu. Wasiƙun gargaɗinsa biyu ne a manne a ƙofar firji, a jere, tsakanin katin ganawa da takardar yabo ta makarantar yarinyar.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Kin gani? Har ado ya yi da su. Raini."

Mis Odalie ta juyo wurinsa. Ta miƙa masa tafin hannu ta ce, "Kawo waken." Ya zaro ya ba ta yana harara. Ta juya wurin yarinyar. "Ke ce Noelie? Ni Mis Odalie, ni nake duba aikin wannan tsohon. Yau ina son ki taimake ni. Mista Hubert yana da faɗan da zai yi, amma ba shi da izini sai ya yabi babanki sau huɗu. Ke ce alƙaliya. In yabon gaskiya ne, ki ba shi ja ɗaya. In na banza ne, ki hana. Farin ki riƙe shi sai ƙarshe."

Noelie ta kalli waken, ta kalli Mista Hubert, ta dunƙule hannunta da ƙarfi.

Mista Hubert ya ce, "Wannan ba ya cikin doka."

"Yana shafi na talatin da ɗaya na takardar horon. Da ka karanta da ka gani."

Ya yi tsaki, ya dubi ƙafar Dewey. "To. Takalminka yana da kyau."

Noelie ta ce, "Na maƙwabcinmu ne. Ba wake."

"Gidan nan a tsaye yake sosai."

"Kakana ya gina shi. Ba wake."

"Ke, wa ya koya miki rowa?"

"Mis Odalie ta ce sai na gaskiya."

Mista Hubert ya cire hularsa ya share goshi. Tunda babu mafita, sai ya fara dube-dube, abin da bai taɓa yi ba a gidan nan duk da sau biyar ya zo. A kan kujera akwai wani tarko da ba a gama ba. Ya ɗauka don ya samu abin yi da hannunsa, ya juya shi, ya sa yatsa a bakin, ya sake juyawa.

Ya ce, "Wa ya lanƙwasa wayar nan?"

Dewey ya ce, "Ni ne, yallaɓai. Da matsala?"

"Babana ya yi shekara arba'in yana kamun ƙaguwa. Bai taɓa iya rufe bakin tarko haka ba. Ƙaguwar da ta shiga nan ta shiga ke nan."

Noelie ta buɗe hannu ta ajiye masa ja ɗaya a kan tebur. Dewey ya tsaya da ludayi a sama, romo yana ɗiga a ƙasa.

Na biyun a fayil Mista Hubert ya samo shi. Ya buɗe yana neman abin da zai kama, sai ya tsaya a shafin gwajin ƙwaya. Ya bi layin da yatsa har ƙasa. "Gwaji ashirin da biyu cikin wata goma sha ɗaya. Ko ɗaya ba a samu komai ba." Ya yi gyaran murya. "A cikin mutum sittin, ku uku ne haka."

Dewey ya ce, "Ban sani ba, yallaɓai. Ba ka taɓa gaya min ba."

"To, yanzu na gaya maka. Ke, kawo wakena."

Dewey ya ɗauko kwano zai zuba musu abinci. Mista Hubert ya ɗaga hannu. "Doka ta hana mu ci a gidan mutanenmu." Sai hancinsa ya fara motsi. "Amma hancina ba ya cikin dokar. Waken nan ya fi na gidana ƙamshi. Wanda ya kai wa matata wannan maganar, ni da shi ne."

Noelie ta yi nazari kamar mai yanke hukuncin kisa, sannan ta ce, "Gaskiya ne," ta ajiye na uku.

Na huɗun ya yi wuya. Mista Hubert ya dubi rufi, ya dubi taga, ya dubi Mis Odalie, ita kuwa ta duƙufa tana kallon farcenta. A ƙarshe idonsa ya sauka a kan yarinyar. Kitso biyu ne a kanta, tsagar ta ɗan karkace zuwa hagu, amma an ja gashin tsaf, an ɗaure bakin da zaren koma kore.

"Wa yake yi miki kitso?"

"Baba. Kullum kafin ya tafi ruwa."

Mista Hubert yana da 'ya'ya mata uku, bai taɓa riƙe matsefi ba. Ya juya ya kalli hannuwan Dewey, duk waya ta yanyanka su. Bakinsa ya motsa sau biyu babu sauti, kamar ƙofar da ta yi tsatsa.

Ya ce, "Ka kyauta, Batiste."

Mis Odalie ta ji kamar ta nemi Verna a waya ta shaida mata. Noelie ta ajiye na huɗu, amma a hankali ta ajiye shi, don ta san abin da ya rage a hannunta.

Dewey kuwa daɗi ya cika shi har ya manta yana tsoron mutumin. Ya ce, "Yallaɓai, ni dama na san a zuci kana ganin ƙoƙarina, baki ne ba ka da shi. Tun da wasiƙunka suka zo na gane. Ga su can, kullum sai na kalle su kafin in fita."

Mista Hubert ya ce, "Wasiƙuna?"

"Ta farko da ka ce ina ƙoƙari, in ci gaba. Ta biyun kuma da ka ce ka ji labarin ina zuwa da riga a goge, ka ji daɗi, kuma ka gaishe da Noelie."

Mista Hubert ya je firjin ya ciro katin ganawa ya miƙa wa Dewey. Muryarsa ba ta faɗa ba ce.

"Karanta min ranar da ke nan."

Dewey ya shafa aljihun rigarsa, ya shafa na wando. "Tabarauna... ban san inda na ajiye ba." Hannunsa da kansa ya miƙa katin gefe, wurin yarinyar, yadda ya saba.

Mista Hubert ya bi hannun da kallo. Ya dubi fayil ɗin da ke buɗe a tebur, rubutun fensir mai zagaye, da furen da bai gogu ba. Ya dubi littafin makarantar da ke hammatar yarinyar. Sannan ya juyo ya kalli Mis Odalie. Ita dai farcenta take kallo.

Noelie ta karɓi katin. Da ƙyar aka ji ta. "Litinin."

Dewey ya ce, "Litinin? Ai Laraba kika ce min."

"Na ce Laraba."

"Sau uku?"

Ta gyaɗa kai. Sai maganar ta ɓalle mata gaba ɗaya, kuma Mista Hubert take kallo. "Lokacin hutu na raka shi ofishinku, na ga an rubuta a ƙofa ba ka nan ranar Laraba. Duk Litinin ɗin da ya je wurinka, in ya dawo ba ya magana. Zama yake a matakala yana kallon ruwa. Wake ya ƙone mana sau uku. Ranar Laraba kuwa yana dawowa yana fito da baki, har alewa yake sayo min. Wasiƙun kuma duk dogayen kalmomin kotu ne, ban gane su ba, na dai san faɗa ne. Shi ne na faɗa masa abin da ya kamata ka rubuta."

Mis Odalie ta jawo kujera ta zauna, kanta ya zo daidai da na yarinyar. Ta ciro takardar mai layi shida daga jakarta ta nuna mata.

Ta ce, "Noelie, bari in fassara miki dogayen kalmomin. An saki babanki ne bisa sharaɗin zai zo duk ranar da aka kira shi. In bai zo ba sau uku, ana iya kai wannan takardar wurin alƙali. In ta je, alƙali zai mayar da shi gidan yari fiye da shekara. Ke kuma a mayar da ke Texas. Gobe da safe za ta tafi, sa hannuna kawai ake jira."

Yarinyar ba ta yi kuka nan take ba. Ta matsa baya har bayanta ya taɓa cikin mahaifinta, ta kama rigarsa da hannu ɗaya. Sannan hawayen suka zo.

Mista Hubert ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni farin."

Ta ƙara dunƙule hannun. "Ba laifinsa ba ne."

"Na sani. Ba nasa ba ne, naki ne."

Noelie ta ja hanci, ta goge fuska da bayan hannu, ta kalli jajayen da ke kan tebur. "To ai ni ba ka ba ni huɗu ba."

Mis Odalie ta yi sauri ta juya fuskarta wajen taga, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Mista Hubert ya ce, "Odalie, kin ga abin da kika jawo min?" Amma ya tattara waken, ya fara tura su gaban yarinyar ɗaya bayan ɗaya, kuma bai tsaya neman su a rufi ba. Ya ce rubutunta ya fi na jami'an ofishinsu kyau. Ya ce ta karanta sanarwar ƙofa wadda shekara biyu tana nan babu mai kallonta. Ya ce wasiƙun da ta rubuta da baki sun fi nasa. Na huɗun ya ɗan jima a ƙarƙashin yatsansa. "Kuma ke kika lura wake yana ƙonewa. Ni wata goma sha ɗaya yana zaune a gabana ban lura ba."

Ta buɗe hannu. Farin waken ya jiƙe da gumi. Ya ɗauka ya ajiye a gabanta.

Ya ce, "Abin da ke kan takarda shi za ki karanta masa, ko mai daɗi ko mara daɗi. In kalma ta fi ƙarfinki, ki kira ofis ki tambaya. Ya yarda da ke ne shi ya sa yake miƙa miki. Kin ji?"

"Na ji, Mista Hubert."

Ya juya ga Dewey. "Kai kuma me ya hana ka gaya min ba ka iya karatu ba?"

Dewey ya sunkuyar da kai, ya juya ludayin a hannunsa. "Yallaɓai, kana tambaya, amma ba ka taɓa jira in amsa ba."

Mis Odalie ta ce, "Wannan farin ba daga jakata ya fito ba, Hubert." Ta ajiye takardar mai layi shida a gabansa, ta cire murfin alƙalaminta. "Na yi alkawari. In sa?"

"Rufe alƙalaminki, sarauniyar wake, kada ya bushe."

A kan teburin kicin ɗin ya zauna ya rubuta wata. Bai ɓoye komai ba: Litinin uku da ba a zo ba, Laraba biyu da aka zo, da dalilin. Ya rubuta cewa za a gyara abin a ofis. Dewey zai shiga ajin karatun manya na ɗakin karatun gari ranar Talata da yamma, kuma daga yau za a riƙa gaya masa ranar ganawa da baki, ya maimaita. Sannan ya karanta wa Dewey takardar a bayyane daga farko har ƙarshe, ya tsaya ya jira. Dewey ya yi tambaya biyu. Ya zana kifinsa a ƙasa, Mis Odalie ta sa hannu kusa da shi.

Suna sauka matakala Mista Hubert ya ce, "Tun a ofis kika sani."

"Zato na yi."

"Da kin gaya min ai da ba mu ƙona mai ba."

"Da na gaya maka da yanzu muna gardama." Ta miƙa masa wakensa biyar da ta tattaro. "Saura mutum hamsin da tara."

Ya karɓa yana gunaguni, ya zuba a aljihun hagu, ya wuce mota.

Mis Odalie ta ɗan dakata a matakalar ƙarshe tana gyara takalminta. Ta ƙofar raga tana jin muryar yarinyar. Noelie ta ciro wasiƙun biyu daga ƙofar firji, tana sake karanta wa mahaifinta, wannan karon yadda aka rubuta su, tana tuntuɓe a dogayen kalmomin tana komawa baya. Babu gaisuwa a ciki, babu maganar riga. Dewey yana saurare yana juya tukunya, waken bai ƙone ba.

A ranar ne Noelie ta gane cewa takardar da ta ɓoye wa mahaifinta ba ta daina aiki don ta ɓoye ta ba, kuma saura kwana ɗaya ƙaryar da ta yi don ya yi farin ciki ta raba su.